Ƙara wa katin girafik boltej, rage masa, ko barinsa yadda yake: wanne ya dace da kai?

Duk wanda ya buɗe MSI Afterburner, manhajar da ake saita gudu da wutar katin girafik da ita, a karon farko, idonsa yakan faɗa kan sandar da aka rubuta wa Core Voltage, wato boltej, ƙarfin wutar da ake ba cif ɗin katin. Sauran sandunan suna jawuwa, ita kuwa a kulle take zuwa, sai ka shiga saituna ka buɗe ta da hannunka. Abin da aka kulle kuma shi yake jan rai. Mutum ya riga ya ƙara wa katinsa gudu har ya kai inda wasa yake fara tsinkewa, sai zuciya ta raya masa cewa da zai ƙara masa 'yar wuta kaɗan da ya wuce nan. Ya tambayi wani, ya ce masa rage wutar ya kamata ka yi. Ya tambayi na uku, ya ce bar shi yadda kamfani ya ƙera shi.

Zan faɗi inda na tsaya tun yanzu. A katunan Nvidia daga jerin GTX 10 zuwa yau, ƙara boltej ita ce hanyar da ta fi cin wuta kuma ta fi ƙarancin riba. Amma akwai katunan da abin ya bambanta, akwai kuma masu buƙatar da ta bambanta, shi ya sa zan bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Na farko riba, kuma ribar da ido yake gani: hotuna nawa wasa yake fitarwa a daƙiƙa, ko minti nawa aikin haɗa bidiyo yake ci. Lambar MHz, wato ma'aunin gudun kati, da take hawa a manhaja ba ta da amfani in wasan bai canja ba.

Na biyu wuta da zafi. Nan ne lissafin yake, kuma ya kamata kowa ya riƙe shi. Wutar da cif ɗin kati yake ci wajen aiki tana tafiya ne da gudu sau boltej sau boltej. Wato in ka ƙara gudu da kashi 10 cikin ɗari, wuta ta ƙaru da kashi 10. In kuwa boltej ka ƙara da kashi 10, wutar kashi 21 za ta ƙaru, tun kafin ka samu ƙarin gudu ko ɗaya. Duk wat ɗin da ya shiga katin kuma zafi yake komawa, kuma sai fanka ta fitar da shi cikin ɗakinka.

Na uku ƙarko. Wayoyin da ke cikin cif sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kuma wuta mai yawa haɗe da zafi tana zaizaye su a hankali. Ba rana ɗaya abin yake nunawa ba. Katin da yake tsayawa daram a wani gudu bana, sai ka ga baɗi ya fara tsinkewa a wannan gudun. An ga misalin haka a fili a 2024, lokacin da Intel ta amince cewa boltej da ya wuce kima yana lalata wasu furosesa nata na zubi na 13 da na 14, har ta ƙara musu garanti na shekara biyu. Furosesa ne ba katin girafik ba, amma silikon ɗin ɗaya ne.

Na huɗu sauƙi, da ko za ka iya komawa baya in abu ya ɓaci. Na biyar kuɗi da garanti.

Kafin ka taɓa komai, gano abin da ya riƙe katin

Katunan yanzu su suke ƙara wa kansu gudu. Nvidia tana kiran tsarin GPU Boost. Katin zai yi ta hawa har sai ya bugi ɗaya daga cikin bango uku: iyakar wat, iyakar zafi, ko iyakar boltej. Sauke manhajar GPU-Z mai nuna halin da kati yake ciki, kyauta ce, ka buɗe shafin Sensors, ka kunna wasa na minti ashirin, sannan ka dubi layin PerfCap Reason. In ya rubuta Pwr, iyakar wat ce ta tare shi. In Thrm ne, zafi ne. In VRel ne, ya kai iyakar boltej.

Wannan minti ashirin ɗin yana raba gardama da yawa. Katin da yake nuna Pwr ko Thrm, ƙara masa boltej baya zai mayar da shi, domin zai fi saurin cinye kason wat ɗinsa ya kuma fi saurin ɗaukar zafi, sai ya rage gudu da kansa. Wanda yake nuna VRel kaɗai, kuma yana cikin sanyi, shi ne sandar boltej za ta iya yi wa wani abu.

Hanya ta ɗaya: bar saituna, gyara sanyaya

Ƙanina ya sayi GTX 1070 na hannu, ya kawo mini kuka cewa wasa yana farawa lafiya lau, bayan minti goma sai ya fara jan ƙafa. Ya riga ya buɗe sandar boltej ya ja ta har ƙarshe. Watan Afrilu ne, ɗakin babu iska sai ta fankar sama. Da muka kwance katin, ƙurar hunturu ta toshe tsakanin faifan ƙarfen sanyaya kamar auduga, man da ake shafawa a kan cif kuma ya bushe, yana ɓarewa kamar tsohon fenti. Muka goge da burushi, muka sa sabon mai, muka mayar da sandar boltej sifiri. Jan ƙafar ya tafi, kuma ba mu ƙara ko MHz ɗaya da hannu ba.

Dalilin shi ne GPU Boost yana sauke gudu taki-taki yayin da zafi yake hawa, kusan MHz 13 a jerin GTX 10, MHz 15 a RTX 20 da 30, kuma yawancin katunan an saita su kada su wuce digiri 83. Duk digirin da ka rage, gudu kake dawo da shi. Wanda yake zaune inda zafin rana yake haura 40 a bazara, katinsa yana fara aiki ne da zafi fiye da na wanda yake zaune a wuri mai sanyi, don haka wannan hanya ta fi masa amfani fiye da yadda masu gwaji a Turai suke nunawa. Kuɗinta kuɗin mai ne kawai. Kasadarta ɗaya: kwance kati yana buƙatar natsuwa, musamman wajen siririyar wayar fanka da 'yan katifun da ke kan memori, waɗanda suke yagewa cikin sauƙi.

Hanya ta biyu: ƙara gudu, ba tare da taɓa boltej ba

A Afterburner ka ja Power Limit, wato iyakar wat, zuwa ƙarshen abin da kamfani ya bari, ka ƙara Core Clock, wato gudun cif, da MHz 15 ko 30 a kowane taki, kana gwadawa da manhajojin gwaji masu ba kati maki irin su 3DMark ko Unigine Superposition, sannan da wasan da kake yi kullum. Da ka ga sikirin ya yi baƙi, ko wasa ya rufe kansa, ko ɗigo-ɗigo masu walƙiya sun bayyana, ka koma baya taki biyu ka tsaya. Daga nan ka yi wa memori haka.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, sandar Core Clock ba ta ƙara boltej. Cewa take yi wa katin: a kowane boltej da ka saba, yi gudu fiye da na da. Shi ya sa zafin da take ƙarawa kaɗan ne. Mafi yawan ribar da za a iya matsowa daga kati a nan take, kuma ko ita yawanci ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba. Wasan da yake ba ka hoto 60 a daƙiƙa zai iya ba ka 63 ko 65.

Hattara da memori a katunan da ke da GDDR6X, irin su RTX 3080. Wannan memorin yana gane kuskure ya sake aika bayanin, saboda haka in ka wuce gona da iri ba lallai ka ga ɓaraka a sikirin ba, makinka ne kawai zai fara sauka. Ka riƙa duba maki a kowane taki.

Kyauta ce, kuma saitunan ba sa zama a cikin katin. Ka sake kunna kwamfuta, komai ya koma yadda yake, muddin ba ka ce wa manhajar ta riƙa ɗora su da kanta a farkon tashi ba. Kada ka ba ta wannan izinin sai ka yi mako guda kana gwaji.

Hanya ta uku: ja sandar boltej

A nan ne sunan sandar yake ruɗar mutane. A katin Nvidia na zamani, lambar da ke jikinta daga 0 zuwa 100 ba adadin milibolt ba ce. Izini ne kawai kake ba katin ya taka matakan boltej na ƙarshe waɗanda aka riga aka rubuta masa. A jerin GTX 10, da suka fito a 2016, rufin yana kan bolt 1.093, kuma bai yi nisa da nan ba a katunan da suka biyo baya. Wannan kulli ya samo asali tun 2012, lokacin da Nvidia ta takura wa kamfanonin da ke ƙera katunanta, har EVGA ta cire mahaɗin na'urar EVBot daga GTX 680 Classified, wadda da ita ake ƙara boltej daga waje.

Mu yi lissafi. Katin da yake aiki a bolt 1.050, ka kai shi 1.093. Wutar cif ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari. Abin da ka samu taki ɗaya ne ko biyu, MHz 15 zuwa 30. A kan gudun 1900, wannan kashi 1 ne zuwa ɗaya da rabi. A wasa mai hoto 60, hoto ɗaya bai ma cika ba. Sannan zafin da ka ƙara yana iya sa GPU Boost ya ƙwace takin bayan minti goma. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ta fuskar kasada, gaskiya sandar ba ta cika kashe kati ba, tunda kamfani ne ya sa mata rufi. Abin da take yi shi ne ƙara wa VRM nauyi, wato 'yan kayan da ke jere gefen cif suna tace masa wuta, ta sa fanka ihu, ta kuma sa cif ya daɗe a matakin da ya fi gajiyar da shi. A kati mai araha mai fanka ɗaya, VRM ɗin ne yake fara jigata, kuma katuna da yawa ba sa nuna maka zafinsa.

Katunan kamfanin AMD kuwa sun kasu biyu. A RX 6000 da RX 7000, manhajar Adrenalin rage boltej take ba ka dama, ba ƙarawa ba. Tsofaffi irin RX 480 da RX 580 su ne boltej yake ƙaruwa da gaske, kuma yana iya ɗaga RX 580 daga 1340 ɗinsa zuwa sama da 1400. Sai dai katin da ma wat 185 yake ci, kuma da yawa daga waɗanda ke yawo a kasuwar kayan hannu sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ta daina haƙa a Satumbar 2022. Irin wannan kati ya riga ya sha wuya. Ni ba zan ɗora masa ƙarin wuta ba.

Hanya ta huɗu: rage boltej

Wannan ce na fi so, kuma ita nake amfani da ita. Kamfani yana ba kowane kati boltej da ya ɗan wuce buƙatarsa, domin mafi raunin cif a cikin dubbai ma ya yi aiki. Naka mai yiwuwa ba shi ne mafi rauni ba. Lissafin da ya cuce mu a sama, nan taimakonmu yake yi: daga bolt 1.050 zuwa 0.900 a gudu ɗaya, wutar aikin cif tana sauka da kusan kashi 26 cikin ɗari.

A Afterburner ka danna Ctrl da F, wani zane zai buɗe mai ɗigo-ɗigo a jere, boltej a ƙasa, gudu a gefe. Ka zaɓi ɗigon 900, ka ɗaga shi zuwa gudun da katinka ya saba yi a wasa, sannan ka shimfiɗe duk ɗigon da ke damansa su zama layi ɗaya a miƙe. Ma'anarsa katin ba zai nemi fiye da milibolt 900 ba. In ya tsinke, ka sauke gudun da MHz 15 ko ka matsa zuwa 925. A Adrenalin ya fi haka sauƙi, sanda ɗaya ce kake ja baya kaɗan-kaɗan.

RTX 3080, mai cin wat 320, shi ya sa wannan hanya ta yi suna, domin yawancin lokaci Pwr yake nunawa. Da aka rage masa boltej sai ya daina bugun iyakar wat, gudunsa ya tsaya wuri ɗaya maimakon hawa da sauka, fanka ta yi shiru. Wasu katunan ma har sun fi sauri a haka.

Rage boltej ba ya lalata kati. Mafi munin abin da zai faru shi ne wasa ya rufe ko kwamfuta ta sake tashi. Wahalarsa haƙuri: saitin da ya wuce gwajin awa guda yana iya faɗuwa a wani wasa daban bayan kwana uku, sai ka koma ka gyara. Mai aikin haɗa bidiyo ya bar tazara mai kyau, domin aikin awa huɗu ya tsinke a minti na ƙarshe ba ƙaramin baƙin ciki ba ne.

Maganar kuɗin wuta kuma, kada in yi ƙari. Wat 50 da ka rage, awa huɗu kullum, yunit 6 ne a wata. Ga wanda ke layin Band A a Najeriya, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, kuɗin bai fi dubu ɗaya da 'yan kai ba. Inda abin yake da nauyi shi ne wajen mai inbata da batir, ko mai ƙaramin janareta, wanda kowane wat a lissafe yake.

Hanya ta biyar: canja BIOS ko taɓa katin da dalma

A zamanin GTX 900 ana iya buɗe BIOS ɗin kati, wato manhajar da ke zaune a cikinsa mai ɗauke da ƙa'idojin wutarsa da gudunsa, a gyara boltej da hannu. Daga GTX 10 Nvidia ta rufe wannan ƙofa da sa hannun sirri, sai dai a ɗora BIOS na wani kati mai iyakar wat mafi girma ta hanyar manhajar nvflash. Masu zurfafawa kuma suna liƙa wata rizista a kan waɗanda katin yake auna wuta da su, don ya zaci yana cin ƙasa da abin da yake ci, ko su haɗa na'urar waje da za ta umarci VRM kai tsaye. Wannan ne ƙara boltej na haƙiƙa, kuma aikin 'yan gasa ne irin su Vince Lucido da Roman Hartung, waɗanda suke zuba wa cif ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Maki suke nema na 'yan mintuna, kuma sun shirya asarar katin.

Ga mai kati ɗaya tilo, nan ne garin neman gira ake rasa ido. Wuta ta ɗauke kana tsakiyar ɗora BIOS, katin yana iya ƙin tashi, sai dai in yana da maɓallin BIOS biyu. Garanti ya tafi. Wayoyi ma suna da iyaka: ramin kati a madabod wat 75 aka ƙayyade masa, fulogi mai fil 8 wat 150. Ko RTX 4090 da ba a yi wa komai ba, an samu rahotannin narkewar fuloginsa na 12VHPWR a 2022, Nvidia ta ce yawanci rashin tura shi ya shige sosai ne. Balle a ce an ruɗi katin ya ja fiye da abin da aka tsara.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Riba | Wuta da zafi | Kuɗi | Sauƙi | Kasada |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyara sanyaya | Tana dawo da gudun da zafi ya cinye | Zafi ya ragu | Kuɗin mai | Sai an kwance kati | Kaɗan |
| Ƙara gudu kawai | Yawanci ƙasa da kashi 10 | Sun ɗan ƙaru | Babu | Mai sauƙi | Kaɗan |
| Sandar boltej | Kashi 1 zuwa 2 a Nvidia na zamani | Sun ƙaru sosai | Babu | Mai sauƙi | Matsakaiciya |
| Rage boltej | Gudu ɗaya, amma tsayayye | Sun ragu sosai | Babu | Sai da haƙuri | Tsinkewar wasa kawai |
| BIOS ko dalma | Tana iya yawa, in akwai sanyi mai ƙarfi | Sun yi yawa | Kayan aiki, wataƙila sabon kati | Mai wuya | Babba |

Abu ɗaya da jadawalin bai ɗauka ba shi ne akwatin wutar kwamfutarka. Nvidia ta ba da shawarar wat 550 ga RTX 3060, wat 750 ga RTX 3080. In naka marar suna ne, irin wanda yake zuwa da akwatin kwamfuta kyauta, duk hanyar da za ta ƙara cin wuta ka jingine ta har ka canja shi.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

In katinka na hannu ne, ko ya shekara uku ba a buɗe shi ba, fara da sanyaya, sannan ka sake duba GPU-Z kafin ka yanke wata shawara.

In ɗakinka yana zafi, ko da sola kake aiki, ko ƙarar fanka ta dame ka, ko laftof gare ka inda furosesa da katin suke raba sanyaya ɗaya, rage boltej. Haka ma mai aikin bidiyo ko zanen gini da yake barin kwamfuta tana aiki tsawon dare.

In kana hoto 56 kana neman 60, katinka kuma yana ƙasa da digiri 75, ƙara gudu da iyakar wat ya ishe ka. Kana iya haɗa shi da rage boltej a zane ɗaya.

Sandar boltej ta dace da mai kati babba mai fanka uku ko sanyayar ruwa, wanda GPU-Z yake nuna masa VRel kaɗai, akwatin wutarsa mai kyau ne, kuma makin 3DMark yake nema. Ya ja ta lokacin gwaji, ya mayar da ita sifiri in ya gama. BIOS da dalma kuwa sai mai kati na biyu a ajiye.

In kuwa kana hoto 35 kana neman 60, babu sandar da za ta kai ka. Sauke ingancin inuwa da haske a saitunan wasan, kunna DLSS in katinka RTX ne, ko FSR in ba shi ba ne, wato saitunan da ke rage wa kati nauyin zana hoto, ka fara tarin kuɗin wani katin. RTX 4060 ya fito a 2023 a kan dala 299, wat 115 yake ci, kuma ya fi RTX 3060 mai wat 170 sauri a yawancin wasanni.